Allon da Bai Miƙe Ba

Kontirabas ita ce babbar yaya a gidan gogen Turawa. Tsawonta ya fi na yawancin masu kaɗa ta, a tsaye ake rungumarta ko a bisa doguwar kujera, kuma duk wanda ya fara ganinta cikinta yake kallo, wannan ƙaton tumbi mai ƙugu. Ba kasafai ido ke tsayawa a kan baƙin katakon nan da aka manna a wuyanta ba, wanda ya zarce wuyan ya yi shawagi a saman cikin ba tare da ya taɓa shi ba. Faransawa na ce masa tush. Ni allon yatsu nake ce masa, domin a kansa yatsun hannun hagu suke yin karatunsu, kuma kamar allon makaranta, sai an daɗe ana shafa shi kafin a san abin da ke cikinsa.

Wanda ya saba da gogenmu zai iya tambayar amfaninsa. Mai goge ba ya danna tsirkiyarsa har ta kai ga sanda, taɓa ta yake yi da yatsu tana rataye a iska, kuma hakan ya wadatar saboda gajeriya ce. Tsirkiyar kontirabas kuwa ta kai santimita 104 zuwa 106 daga ɗan matashin da ke kai zuwa jakin da ke tsaye a kan ciki, kuma mafi kauri a cikin huɗun ta kusa milimita 3. Irin wannan igiyar ƙarfe ba ta jin taɓi. Sai an danne ta a kan abu mai tauri, an raba ta biyu, sannan ɓangaren da ya rage ya yi magana. Allon shi ne abin nan mai tauri. Tsawonsa wajen santimita 85, faɗinsa a sama bai wuce santimita 4 da rabi ba, a ƙasa ya buɗe ya kai 9 ko fiye kaɗan. Babu layin ƙarfe ko ɗaya a kansa irin na jita, babu alama, babu ɗigo. A can sama, tsakanin murya da mai bi mata akwai tazarar kusan santimita 6. In hannu ya gangaro ƙarshen allon, tazarar takan koma santimita 1 da ɗan wani abu, ƙasa da faɗin yatsa. Duk wannan a ƙwaƙwalwar hannu yake zaune.

A unguwar Birikiteri ta Yawunde aka haife ni, kuma babana kafinta ne. Da jitar bas mai lantarki na fara, a bukukuwa da wuraren rawa, tun ina ɗan makaranta. Kontirabas ban taɓa riƙe ta ba sai da karatu ya kai ni Liyon a Faransa. Karatun ya ƙare, ni ban koma ba, kiɗan ya zama rabin abincina: jaz da dare tare da mai fiyano da mai ganga, sai wata ƙaramar ƙungiyar kiɗan gargajiyar Turai da nake zuwa ranar Laraba, inda ake goga tsirkiya da baka. Tawa kontirabas ɗin ta hannu ce, ƙirar garin Luby na ƙasar Cek, ta girme ni nesa ba kusa ba. Ba ta cikin masu tsada. Amma shekara goma sha ɗaya muna tare, kuma na san kowane taki na allonta yadda na san matakalar gidanmu cikin duhu.

Abu na farko da hannu ke ji shi ne allon ba shimfiɗaɗɗe ba ne daga gefe zuwa gefe. Yana da doro. Dalilin doron baka ne. Da tsirkiyoyin huɗu suna kwance a layi ɗaya, da gashin baka zai kama su duka a lokaci guda. Saboda haka aka lanƙwasa kan jakin, kowace tsirkiya ta sami nata tudu, shi kuma allon dole ya bi wannan lanƙwasar, in ba haka ba na tsakiya su yi nisa da katako, na gefe su manne. Kuma da yake tsirkiyoyin a matse suke a sama, a warwatse a ƙasa, doron ba iri ɗaya ba ne daga farko zuwa ƙarshe. A sama ya fi tsuke, yana gangarowa yana buɗewa, kamar an yanko shi daga jikin mazurari. Mai kiɗan baka yana son doro sosai, don ya iya danna bakansa da ƙarfi ba tare da ya shafi maƙwabciya ba. Mai jaz da ke fizgar tsirkiya da yatsa yakan so a rage shi, don yatsansa ya tsallaka daga wannan zuwa waccan da sauri. Ni da nake cin tuwo a gidajen biyu, kullum a tsakiya nake.

Wannan duk ido na iya gani. Akwai wanda ido ba ya gani, kuma shi ne ya sa na ɗauki alƙalami.

Masu ƙera waɗannan kayan kiɗa da gyara su ana ce musu lutiye. Wadda nake zuwa wurinta dattijuwa ce, ta yi karatun sana'ar a Mirkur, ɗan garin nan na gabashin Faransa da ya shahara da ƙera goge tun ƙarnoni. Wata rana, shekaru da suka wuce, na kai mata kontirabas don a canza tsirkiya. Da ta kwance su, sai ta ɗauko wani dogon rula na ƙarfe ta ɗora a kan allon, daga sama har ƙasa, ta kunna fitila a baya, ta ce in sunkuya. Rulan ya taɓa katako a wuri biyu kawai, can sama da can ƙasa. A tsakani haske na wucewa, siriri kamar jinjirin wata. Allon da na ɗauka a miƙe yake sam-sam ashe kwari ne da shi, an rarake shi da gangan. Ta matsar da rulan zuwa inda siririyar tsirkiya, wato Sol, take kwanciya: hasken bai wuce milimita 1 da ɗan wani abu ba. Ta dawo da shi ƙarƙashin mai kauri, wato Mi: ya kusa ninka biyu. Ta ce ƙa'idar da aka koya musu a bakin aiki ita ce, zurfin kwarin ya yi kusa da kaurin tsirkiyar da ke bisansa, daga nan kuma sai a saurari mai kiɗa.

A daren na kira Baba na ba shi labari. Ya yi shiru, sannan ya ce, “Kai, yaro, shekara arba'in ina korar lanƙwasa daga katako. Yanzu kana gaya mini akwai waɗanda ake biya su saka ta?”

Na ce, “Baba, har awo suke yi mata.”

Ya ce, “To, wanda ya iya saka lanƙwasa daidai gwargwado ya fi wanda ya iya miƙarwa. Miƙewa ɗaya ce. Lanƙwasa kuwa ba ta da iyaka.” Daga nan ya koma tambayata ko ina cin abinci.

Hikimar kwarin ba ta da wuyar ganewa in an kalli tsirkiya tana rawa. Fizge ta ka duba: ba ta motsi a bakin matashi, ba ta motsi a bakin jaki, amma a tsakiya takan buɗe ta yi ciki kamar ƙwayar dabino. Mi, wadda ke kaɗawa sau 41 a daƙiƙa, ita ta fi kowa buɗewa, har ana ganin inuwarta biyu. Duk inda yatsa ya danne, daga nan sabon cikin yake farawa, kuma yana bukatar katako ya kauce masa. In allon a miƙe yake kamar rula, hanya ɗaya ce ta ba tsirkiya fili: a ɗaga jaki, tsirkiyoyin su yi sama, hannun hagu ya sha wahalar danna su. Kwari shi ke bari a sauko da su kusa da yatsa ba tare da sun doki katako ba. To amma in an zurfafa shi da yawa, sai tsakiyar allon ta zama rijiya. Yatsa ya yi ta nitsewa kafin ya kai ƙasa, tsirkiya ta ƙara ɗaurewa, murya ta haura sama da inda aka nufa, sannan ƙarshen allon ya zama tudu, duk wanda ya gangaro can ya ji ana ƙeƙe-ƙeƙe. Tsakanin kaɗan da yawa bai fi kaurin farce biyu ba. A wannan ɗan tsakanin ake rabuwa da kontirabas mai daɗin hannu da wadda ke sa ɗalibi ya bar kiɗa bayan wata shida yana zaton shi ne ba shi da baiwa. Na ga irin waɗannan yaran. Ana ba su ta haya mai allon katako mara tauri da aka shafa wa baƙin fenti, ba a taɓa ɗora masa rula ba, sai a ce musu su ƙara ƙoƙari.

Tsohon allona yana da wani abu kuma. A ƙarƙashin Mi ba doro ba ne, an shafe wurin ya zama gangare mai faɗi, har akwai ƙunya mai kaifi da ta raba shi da sauran allon, tana bin tsawonsa tsakanin Mi da La. Sunan wani Bajamushe ake kiran wannan yanka da shi, Bernhard Romberg, wanda ya rayu daga 1767 zuwa 1841. Shi ba kontirabas yake kaɗawa ba, ƙanwarta celo yake kaɗawa, kuma don tsirkiyarsa mafi kauri ta sami wurin juyi ya sa aka shafe masa gefen allo. Masu ƙera kontirabas suka ara. A zamaninsa da hanjin tumaki ake murɗa tsirkiya, mai kauri ce, mai laushi, mai buɗe ciki sosai, saboda haka yankan yana da dalili. Daga wajen shekarun 1950 zuwa 1960 tsirkiyar ƙarfe ta mamaye kasuwa. Ta fi siranta, ta fi ɗauri, rawarta ba ta kai ta hanji faɗi ba. Dalilin ya ragu, amma masana'antu suka ci gaba da yin yankan shekara da shekaru, yadda tela ke ci gaba da ɗinka aljihun agogo bayan kowa ya koma ɗaura shi a hannu. Yau yawancin sababbin alluna doro ɗaya ne daga gefe zuwa gefe. Akwai dai masu baka da har yanzu suke rantsuwa da yankan Romberg, kuma ba na musu da su.

In aka bi tarihin kayan, za a ga allon yana canzawa duk lokacin da abin da ake so a kaɗa ya canza. A Biyana ta ƙarni na 18, kontirabas mai tsirkiya biyar ake yayi, kuma ana ɗaura mata zoben hanji a wuya a matsayin layuka, kamar na jita. Ita Dittersdorf da Vanhal suka rubuta wa kiɗansu. Daga baya zoben suka ɓace. Giovanni Bottesini, Ba'italiyen da ya rayu daga 1821 zuwa 1889, da tsirkiya uku kacal ya zaga duniya, yana gangarowa can ƙasan allo yana fitar da muryoyin da ba a zaci wannan ƙatuwa tana da su ba. Allunan da can gajeru ne, domin babu mai zuwa can. Da makaɗa suka fara zuwa, sai allo ya ƙara tsawo. A Amurka, masu jaz na farko sukan ɗaga tsirkiya sama ƙwarai don a ji su a cikin ƙahonni da ganguna, tunda babu na'urar ƙara sauti. Wasu ma, irin su Pops Foster na New Orleans, sukan fizgo tsirkiyar su sake ta ta mari allon, allon ya zama ganga. Sai ga Scott LaFaro, wanda ya sauko da tsirkiyoyinsa kusa da katako don yatsunsa su yi gudu. A faifan da suka ɗauka da Bill Evans a Village Vanguard ranar 25 ga Yuni 1961, kwana goma sha ɗaya kafin ya rasu a hatsarin mota yana da shekara 25, in ka sa kunne za ka ji tsirkiya na ɗan taɓa allo tana ƙyas-ƙyas a tsakanin muryoyi. Wasu na ganin aibi ne. Ni ina jin kamar numfashin mai magana ne.

Bara, a farkon sanyi, La ta fara zizar da ban san ta da ita ba, a wuri ɗaya, taki huɗu daga sama. Bayan wata guda Re ma ta ɗauka. Tsirkiyar ƙarfe tana cin katako a hankali, ko da eboni ne. Inda yatsu suka fi zama sai ya lotsa, gabansa ya zama ɗan tudu, tsirkiya ta riƙa dukansa. Maganin wucin gadi ɗaya ne, a murɗa ƙafafun jaki a ɗaga shi. Zizar ta lafa, amma a ƙarshen allo Mi ta haura milimita 12 daga katako, ita da ta saba zama a 9. Milimita uku ba komai ba ne a bakin mai magana. A hannun da ke danna igiyar ƙarfe awa uku a dare, wani abu ne. Kafin Janairu jijiyar da ke bin bayan hannuna na hagu ta fara zafi, ina tashi da safe yatsuna biyu a sandare. Likita ya ce in huta. Mai gidan da nake haya bai san wannan maganar ba.

Na ɗauka Madam za ta kankare allon ta daidaita shi, kamar yadda ake yi duk bayan wasu shekaru. Ta ɗora rula, ta duba gefen allon, ta kama ƙarshensa da ke shawagi ta ɗan danna da yatsa biyu. Ya lanƙwashe kamar reshe. Ta ce, “Misye, wannan an kankare shi sau uku ko huɗu kafin ka same shi. Babu sauran abin da zan cire.” Nan na koyi cewa allon ba wurin danna tsirkiya kaɗai ba ne, ƙashin bayan wuya ne. Tsirkiyoyin huɗu suna jan wuyan da nauyin da ya haura kilo 100, dare da rana, kuma wuyan shi kaɗai ba zai iya ba. In allon ya sirance, wuyan yakan sunkuyo gaba, kwarin ya ƙara zurfi da kansa, a sake kankarewa, ya ƙara sirancewa. Sai dai sabo. Kuɗin da ta faɗa ya kai hayar ɗakina ta wata biyu.

Da na amince, sai ta jawo kujera ta fara yi mini tambayoyi kamar mai neman aure. Baka na fi yi ko fizga? Yatsa ɗaya nake fizga da shi ko biyu, kuma a kwance ko a tsaye? Ina gangarowa ƙarshen allo, ko a sama nake zama? Wace tsirkiya nake sawa, kuma ina da niyyar komawa ta hanji? A bar yankan Romberg ko a yi doro ɗaya? Ta sa na kaɗa mata kusan rabin awa tana zagaya ni, ba ta kallon fuskata, hannuna kawai take kallo.

A kan zurfin kwari muka saɓa. Ita tarbiyyar masu baka ta samu, a kunnenta duk wani sautin da ba na tsirkiya zalla ba datti ne. Ta so ta ba kowace tsirkiya fili wadatacce, murya ta fito fes. Ni kuwa na ce a rage, musamman ƙarƙashin La da Mi. Akwai wani gurnani da kontirabas ke yi in tsirkiya na shafar katako kaɗan-kaɗan a gaban yatsa, muryar ta fito ta buɗe kamar ana hamma, ta daɗe ba ta mutu ba. Masu jaz na neman wannan gurnanin ido rufe. Tsakaninsa da zizar da ta kawo ni wurinta kuwa, bambancin rabin milimita ne ko ƙasa da haka. Ta ce, “Abin da kake kira gurnani, ziza ce mai ladabi.” Na ce na yarda, ita nake so.

Na daɗe ina tunanin dalilin da ya sa nake son ta haka. A unguwarmu, in masu garaya ko molo suka zo, akwai ɗan faifan ƙarfe mai zobba da suke kafawa a kan sandar, duk bugu sai ya yi caccaka. Ba wanda ya taɓa cewa a cire shi don murya ta fito fes. In babu shi ma sai a ce kiɗan ba gishiri. Kunnen da ya tashi da wannan ba ya jin tsabtar sauti a matsayin kyau kaɗai, wani lokaci yakan ji ta kamar ɗakin asibiti. Na gaya wa Madam haka, na nuna mata hoton garaya a waya. Ta kalla, ta ce a wurinsu shekara ɗari uku aka yi ana yaƙi da wannan ƙarar. Amma ta rubuta abin da na ce a takardarta. Ta kuma gargaɗe ni da abu ɗaya: za ta fara da kwari mara zurfi, in bai yi ba a ƙara, domin katakon da aka kankare ba ya dawowa.

Sai maganar itace. Ta fito da guntaye uku daga ƙarƙashin teburi, kowanne ya kusa mita, masu nauyi kamar ƙarfe. Biyu baƙi ƙirin. Na ukun yana da zane-zanen ruwan ƙasa da toka suna bin tsawonsa kamar hayaƙi. Na tambaye ta daga ina. Ta ce, “Daga ƙasarku.” Na san ana fitar da katako daga Kamaru, duk wanda ya taɓa bin hanyar Duwala ya ga manyan motoci ɗauke da gungume. Amma ban taɓa haɗa wannan da abin da ke ƙarƙashin yatsuna ba. Eboni ɗan'uwan kanya ne, dangi ɗaya suke, sai dai shi a kurmin kudu da gabas yake fitowa, kuma ba ya sauri, yakan yi gomman shekaru kafin zuciyarsa ta yi baƙin da za a yanka. Na Madagaska, wanda masu ƙera goge suka daɗe suna so, an sa shi ƙarƙashin yarjejeniyar CITES a 2013 saboda sarar da aka yi masa, kuma yau kaso mai yawa na ebonin kayan kiɗa daga kurmin Kamaru yake fitowa. Allon ƙaramin goge santimita 27 ne, ana iya fitar da shi daga ɗan guntu. Na kontirabas sai an sami yanki ɗaya dogo, mai kauri, mara tsaga, mara ido. Ba kowace bishiya ke bayar da shi ba.

A 2011 kamfanin jita na Taylor da wani kamfanin katako na Sifen mai suna Madinter suka sayi masana'antar yanka eboni ta Crelicam a Yawunde, garin da na tashi. Bob Taylor ya ba da labarin abin da masu sara suka gaya masa: ba a sanin launin zuciyar itacen sai an kayar da shi, kuma tunda masu saye baƙi ƙirin kawai suke biya da daraja, sai a kayar da wajen goma kafin a ɗauki ɗaya, sauran a bar su su ruɓe a daji. Daga nan kamfaninsa ya fara sa mai zane a jitocinsa. Ba na cikin masu ɗaukar ɗan kasuwa waliyyi, yana da ribarsa a ciki. Amma lissafin a fili yake. Madam ta tabbatar mini cewa zanen ba ya rage tauri, kuma da yawa daga allunan da ake gani baƙi ƙirin rini ne aka yi musu don mai saye ya ji daɗi. Na ɗauki mai zanen. Ya fi araha kaɗan, ba zan ɓoye ba, wannan ma ya taimaka.

Mako biyu ta riƙe ta. Ta cire tsohon da wuƙa mai zafi da ruwa, domin da gam ɗin fata ake manna shi, irin wanda ke sakin jiki in ya ji ɗumi, don wanda zai zo gyara bayan shekara hamsin ya sami hanya. Ta daidaita fuskar wuyan, ta rarake cikin sabon allon ta ƙasa a ɓangaren da ke shawagi don kada nauyinsa ya danne murya, ta manna, ta bar shi ya kwana biyu, sannan ta hau kankara. Na je sau biyu a tsakani. Kowane zuwa sai ta ɗaura tsirkiya, in kaɗa daga sama har ƙasa, murya bayan murya, ita kuma tana sa alli a duk inda ta ji abin da bai yi mata ba. Ta kwance, ta kankare abin da bai fi ƙurar da ake hurewa ba, ta sake ɗaurawa. A zuwa na biyu muka tsaya a kan wata murya guda a La, ita tana cewa ziza ce, ni ina cewa gurnani ne. Muka kira wani mai celo da ya zo karɓar bakansa ya raba mu. Ya saurara, ya ɗaga kafaɗa, ya ce shi bai ji komai ba. Aka bar ta yadda take.

Yankan Romberg na ce a cire, kuma na biya kuɗin wannan da wani abu da ban sa a lissafi ba sai da na koma aiki. Babban yatsana na dama a gefen allon yake jingina in ina fizga, kuma shekara goma sha ɗaya ya saba da siririn gefen da yankan ya bari. Yanzu gefen ya yi kauri, ya ɗago. Ƙunyar nan ma ashe alama ce ga hannun hagu, da ita yake sanin ya iso Mi ba tare da ido ba. Sabon allon kuma ya fi tsohon kauri da kusan milimita 4, wuyan duka ya cika mini hannu. Daren farko da na fita da ita, mai fiyano ya waiwayo ya kalle ni sau biyu. Sai da na yi wajen mako shida ina tashi da asuba ina bin muryoyi ɗaya bayan ɗaya kamar ɗan koyo kafin hannu ya daina neman tsohon gida.

Mi ta dawo milimita 8 daga katako, Sol tana 5. Zafin hannun ya tafi kafin bazara. A ƙungiyar Laraba, in aka zo wurin da ake so a danna baka da ƙarfi, La takan ɗan yi ƙara fiye da yadda shugaban kiɗa ke so, sai in murɗa ƙafafun jaki rabin zagaye kafin a fara, in mayar in an tashi. Da rani kuma, in iska ta jiƙe, cikin kontirabas yakan kumbura ya ɗaga jakin da kansa, gurnanin ya ɓace, sai na sauko da shi.

Tsohon allon na sa shi a akwati na kai wa Baba da na je hutu. Ya juya shi, ya shinshina, ya ɗora nasa rulan ya ga hasken da idonsa. Ya kirga lotsawar da yatsu suka yi, ya ce ba duka nawa ba ne, akwai na wani mai hannu ya fi nawa girma. Ya yanka shi ya yi wa kurfunansa uku sababbin ƙota, guntun da ya rage kuma ƙanwata ta ɗauka tana danne ƙofar kicin da shi.